Farantin Jafan a Ƙofar Gidan Modibbo

A shekarar da zan ba ku labarinta, abin da na mallaka a duniya bai cika yatsun hannu ɗaya ba. Ina da rumfa a kasuwar Jimeta inda nake sayar da kurfoti da kasko da tukwanen ƙarfe da wayar gashin nama. Ina da ɗakunan da mahaifina Goni Bukar ya bar mana a Luggere. Ina da keke. Sannan ina da mata, uwarku Dija, wadda a lokacin take gidan ubanta a Makama, cikin garin Yola, ta je haihuwar fari, ke kuma Yagana kina jaririya a cinyarta. Rumfa da keke da ɗakuna babu wanda ya nemi ya raba ni da su. Matar da jaririyar su aka ɗora a kan ciniki, kuma saboda su na zauna rubuta wannan babi. Na san abin da 'ya'yan kawunku suke gaya muku in kun haɗu a biki, wai ubanku ya zaɓi ƙarfe ya bar uwarku. Ku karanta yadda aka yi, sannan kowa ya yanke abin da ya gani.

Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Yola tana ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas, duk takardar da ke da nauyi sai ta je Maiduguri ta dawo, duk mai neman kwangila kuma idonsa yana kan hanyar can. A lokacin ne baburan Jafan suka fara yawa a gari, kamfanin da ke kawo su ya turo wani mutumin ƙasar ya koya wa makanikai gyara. Gajere ne, mai tsabta, ba ya gaida mutum sai ya sunkuya, har 'yan kasuwa suka sa masa suna Mai Ruku'u. Wata safiya ya tsaya a rumfata, ya riƙa ɗaukar kasko ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yana girgiza kai. Hausarsa ta makanikai ce, guntu-guntu.

"Wannan siriri. Wannan ma siriri. Ina so mai kauri. Shimfiɗe, kamar tebur."

Na ce, "Maigida, kaskon ƙosai ne fa, ba ƙofar kurkuku ba."

Ya nuna mini kaurin da yake so da ɗan yatsansa. Ni kuwa tun da na fara kasuwa ban taɓa ce wa mai saye babu ba, sai dai in ce ya dawo jibi. Na hau keke na gangara bakin kogi, inda tsofaffin jiragen dako suke kwance suna tsatsa, waɗanda a da suke hawowa da damina su kwashi gyaɗa da auduga. Na yi ciniki da mai gadinsu da mai su, na sa aka yanko mini falle guda daga cikin jirgi. Mai walda ya daidaita shi, ya goge bakin, ya yi masa ƙafafu da aljihun gawayi a ƙasa, ya ja ɗan kwari a gefe inda mai zai bi ya gangara. Da Mai Ruku'u ya ga abin sai ya shafa shi da tafin hannu kamar mai duba doki, ya ce a yarensu sunansa tefan. Sunan bai zauna a bakin kowa ba. Farantin Jafan aka ce, shi ya bi shi har yau.

Ranar wata Lahadi ya gayyace ni gidansa in ga aikin abin da na sayar masa. Ni na raka shi wurin mahauta muka sayo naman, don in san wanda ya yanka. Ya riga ya yi kwanaki yana gyaran farantin, ya shafa man gyaɗa ya ƙona, ya sake shafawa ya ƙona, har ya yi baƙi ƙirin yana sheƙi, ya kuma ja mini kunne cewa sabulu ba ya taɓa shi har abada. Ya zuba gawayin ƙirya irin na maƙera, ya tara shi a gefe guda, don rabin farantin ya yi zafi sosai, rabi ya zama wurin ajiye abin da ya nuna. Ya yanka naman siriri kamar ganye. Ba tsinke, ba ƙuli, ba jira. Ya riƙe ƙarafa biyu masu faɗi irin cokalin magina, ya shimfiɗa nama ya juya, ya tura albasa da kabeji da kabewa gefensa, kafin ka gama gyara zama ya turo maka rabonka gabanka. Akwai wani baƙin ruwan waken suya da yake tsoma nasa a ciki. Na shinshina na tambaye shi, ya ce akwai ɗan giya, sai na aika aka sayo mini yaji. Bai ji haushi ba, ya ɗanɗana yajin ya yi tari, ya ƙara.

Ni ba daɗin naman na tsaya kallo ba. Na ga gawayi kaɗan ya ciyar da mu huɗu da muka zauna ci, na ga babu hayaƙi, na ga naman da mai tsire zai soke a tsinke goma ya ishi tebur guda saboda ganye da albasa sun cika ido. Na ga kuma ƙarfen da ke ruɓewa a bakin kogi ba mai nema. Muna ci na tambaye shi me ya sa bai sa kukunsa ya yi wannan aikin ba, shi ya zauna.

Ya ce, "A wurinmu, mai gida ya gasa wa baƙo da hannunsa, girma ne. Baƙo yana gani. Ba ɓoye."

Na ji maganar da kunnen Jimeta, inda kowa baƙo ne, kowa yana cin abinci a bakin titi babu mai kallonsa. Na sa aka yi mini faranti uku na jera a gaban rumfa. Sati ya bi sati babu wanda ya taya. Masu tsire suka mai da ni abin hira. Ɗaya daga cikinsu, wanda yake sayen waya a wurina, ya zagaya farantin ya ce, "Malam Modu, nama a tsaye yake gasuwa, a gefen wuta. Kai ka kwantar da shi kamar mara lafiya a asibiti." Ya kuma faɗi abin da ya fi wannan gaskiya, cewa naman faranti ba ya naɗuwa a takarda. Siriri ne, kafin a kai shi gida ya huce ya zama fata. Dole mai ci ya zauna a gaban mai gashi, su fuskanci juna. Nan na gane kasuwata ba ta wurin masu tsire. Tana wurin gidajen saukar baƙi da kulob na ma'aikata, mutanen da suka saba zama a kujera a kawo musu. Su kuma ba za su sayi abin da ba su taɓa ganin aikinsa ba.

Yanzu sai in gaya muku yadda nake da gidan su uwarku. Modibbo, kakanku, bai ba ni 'yarsa don rumfata ba. Ya ba ni ne don mahaifina, wanda suka yi shekaru suna musayar littattafai da ɗalibai, ɗaya a Makama ɗaya a Luggere. Goni ya rasu kafin a ɗaura auren, Modibbo ya ce maganar da ya yi da mamaci ba ta tashi. Gida ne na tsohuwar Yola. Tun da na shiga cikinsu ban taɓa ganin Modibbo ya kai ko ruwa bakinsa ba, ni ma ban taɓa sha a gabansa ba. In suna son tsire aike suke yi, a shigo da shi a rufe, a ci a ɗaki. Babban ɗansa, Hamma Sa'idu, akawu ne a wani ofis a Jimeta, mai son farin takalmi da agogo. Tsakanina da shi akwai wasan nan na Fulani da Barebari, shi Bafulatani ni Babarbare. In ya gan ni sai ya ce, "Bawana, ka share ƙofar gida kuwa?" Ni kuma in ce, "Kakana ne ya sayi kakanka da ƙwaryar gero, har yau ana bin mu canji." A yi dariya a wuce.

Shi ne ya zo rumfata wata rana ya zauna a kan benci, abin da bai saba ba. Ya ce wani babban ma'aikaci zai zo daga Maiduguri, wanda gidajen saukar baƙi na jiha suke hannunsa, kuma ya yi masa alkawarin liyafa a gida.

"Ka kawo wannan ƙarfen naka ya gani. In ya so shi, daga nan har Bauchi kai za ka cika."

Na ce, "Madalla, Hamma. Sai in zo da mahauci guda in nuna masa yadda ake yi."

"Kai, a'a. Waɗannan za su ƙona mana nama a gaban baƙo. Kai ka iya, kai za ka yi. Cikin gida ne, mu ya mu."

Da na gaya wa mahaifiyata, Ya Kaltum, tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Wuƙa za ka riƙe a ƙofar surukinka?"

"Ya, kayana zan nuna. Mai sayar da keke ma yana hawa ya zagaya a gani."

"Keke ba nama ba ne. Mutanen nan ko tari ba sa yi a gaban suruki. Ka dai je, tunda ka riga ka ɗaura kaya."

Bayan la'asar aka yi abin, a filin da ke tsakanin zaure da cikin gida. Na kafa faranti, aka jera kujeru kewaye da shi. Modibbo bai matso ba, yana kan buzunsa a bakin zaure da carbi, inda yake ganin kowa. Na naɗe hannun riga na fara aiki. Mutanen Yola da aka gayyato suka rasa yadda za su yi da kansu. In na tura wa mutum nama sai ya ce Alhamdu lillahi ya ƙoshi, in an matsa masa ya ɗauki ɗan yanki ya kau da kai gefe ya tauna kamar mai shan magani. Baƙon Maiduguri kuwa Babarbare ne ɗan'uwana, na gane tun daga tsagen fuskarsa. Ya tura hula baya ya ci, ya ce a ƙara kifi, ya leƙa ƙarƙashi ya duba aljihun gawayin, ya tambayi kwana nawa ake yin guda. Daga cikin gida ina jin kukanki, Yagana, ina jin muryar uwarku tana rarrashi. Raina fari tas. Sai baƙon ya juya wurin Hamma Sa'idu.

"Wannan gwanin a ina ka samo shi?"

Hamma ya sunkuya wajen kunnensa, ya rage murya.

"Bangaro ne daga Jimeta. Mukan kira shi in muna da baƙi."

Bangaro shi ne mahauci a bakin Fulanin Yola. Ba ni da abin faɗa a kan mahauta, da su na yi arziki, kuma da yawansu sun fi masu farin takalmi amana. Amma ku lura da yadda aka faɗe ta. Da wasa yake so, yana da kalmarsa a hannu, ya ce bawansa ne, da ƙarfi, kowa ya ji, baƙon ya rama mini, a yi dariya. Wasa a fuska ake yin sa. Wannan a kunne aka faɗa, babu murmushi, ga mutumin da bai san ni ba, don kada ya san cewa mai wuƙar nan shi ne mijin 'yar gidan. Faranti ne ya ci amanarsa. Da a bayan gida nake gashi ana kawowa a kwano, da ban ji ba. Amma abin an yi shi ne don mai gashi ya tsaya kusa da mai ci, tsakanina da bakinsa bai fi kamu biyu ba.

Na san lissafin a take. In na yi shiru na ci gaba da juya nama, baƙo ya tafi da ƙoshi, kwangila ta zo ta hannun Hamma, ya yaga rabonsa ya ba ni saura, uwarku ta gama kwanakinta a dawo mini da ita da gara. Babu wanda zai san an ce komai sai ni da shi. Na ajiye ƙarafan nan biyu a gefen faranti. Na gaida baƙon da Barbarci, ya ɗago da sauri. Sannan na koma Hausa don kowa ya ji.

"Ranka ya daɗe, an yi maka kuskure. Sunana Modu, ɗan Goni Bukar na Luggere. Ƙanwar wannan da ke kusa da kai matata ce. Jaririyar da kake jin kukanta a ciki 'yata ce. Farantin kuma nawa ne, ni nake sayarwa."

Baƙon ya daina tauna. Ya ce, "Wushe, ɗan Goni," ya miƙo mini hannu, na nuna masa nawa duk mai, ya kama wuyan hannun. Hamma ya yi wata dariya.

"Wasa ne, ranka ya daɗe. Ka san mu da Barebari."

Babu wanda ya taya shi. Modibbo ya miƙe, ya naɗe buzunsa da kansa, ya shige. Sauran naman ya ƙone a kan faranti ina kallo.

Kwana biyu bayan haka Hamma ya aiko mini da saƙo, bai zo da kansa ba. Dija ba za ta koma Luggere ba sai na wanke hannuna daga harkar nama. Farantan da ke rumfa da wanda na bari a gidansu in miƙa su gare shi, shi zai san yadda zai raba sunan gidan da su. Sannan in zo zaure a gaban dattawa in ce zafin wuta ne ya sa na yi magana. Na karanta saƙon nan kamar yadda nake karanta mai saye. Wanda yake ƙyamar kaya cewa yake a zubar, ba ya cewa a kawo masa. Baƙon ya riga ya ce yana so, Hamma kuma ya ga zai iya ɗaukar mahaucin gaske ya tsayar, ya ci kwangilar shi kaɗai ba tare da ya taɓa wuƙa ba.

Na tafi wurin Modibbo da kaina, da hantsi, bayan ɗalibansa sun tashi. Na tuɓe takalmi tun daga waje na durƙusa. Ya bar ni na gama gaisuwa tsaf.

Ya ce, "Ɗan Goni, ban ba da 'yata ga mai wuƙa ba."

Na ce, "Barkama," wato ranka ya daɗe a bakin Fulani, "ɗanka ne ya miƙa mini wuƙar. Na ce zan zo da mahauci, ya hana."

"Na sani."

"Ka kuma ji abin da ya kira ni."

"Ban ji ba, amma na ga bakinsa, na san ɗana. Ya yi abin kunya." Ya ja carbi kaɗan. "Sai dai shi a kunnen mutum ɗaya ya faɗa. Kai ka faɗa a kunnen kowa. Da ka haɗiye ka zo nan da safe, da ni da kaina zan sa shi ya je Luggere ya durƙusa wa uwarka. Yanzu duk Makama ta san surukin Modibbo ya gasa nama a ƙofar gidansa, ta kuma san ɗan Modibbo maƙaryaci ne. Kunya biyu ka ɗora mini a yini ɗaya."

Na ce masa zan daina tsayawa a kan faranti da kaina, wannan mai sauƙi ne, dama ni dillalin ƙarfe ne. Amma ba zan miƙa kayana ga wanda ya yi musun sanina ba, ba kuma zan ce zafin wuta ne ya sa na faɗi sunan ubana ba. Ya dube ni, ya ce to in tashi, Allah ya ba da sa'a a kasuwa. Na roƙi in ga matata. Aka ce tana barci. Na dawo wani satin aka ce ta shiga wanka. Na aika da atamfa da sabulu da kayan jaririya, aka karɓa aka yi godiya kawai.

A gida Ya Kaltum ba ta rage mini ba.

"Na gaya maka keke ba nama ba ne. Yanzu ga shi kana da faranti uku ba ka da mai dafa maka tuwo."

"Ya, in ba shi kayan?"

"In ka ba shi kada ka sake ce mini uwa. Ni dai jikata nake so in gani."

Ban zauna jira ba. Na ɗora faranti ɗaya a kan motar kaya na bi shi har Maiduguri, na nemi ofishin baƙon nan, na zauna a benci har ya fito. Bai yi maganar Makama ba, ni ma ban yi ba. Ya ba ni aikin gidajen saukar baƙi kaɗan a fara gani. Na dawo na saye ragowar jirgin nan tun mai shi bai san dalilin da ake nemansa ba. Na ɗauki mahauta matasa na koya musu yadda ake tara gawayi gefe guda da yadda ake yanka siriri, duk inda na kai faranti in bar musu mutum guda. Mai Ruku'u ya gama aikinsa ya koma ƙasarsu a cikin watannin nan. Da ya zo sallama ya tambayi matata da jaririya, na ce suna lafiya. Ban ga amfanin in gaya masa abin da girmansu na can ya zama a Makama ba.

Damina ta wuce, kaka ta shigo, uwarku tana can. Wannan shi ne wurin da 'ya'yan kawunku suke kafa hujja, cewa na yi ta yawon kwangila na bar ta. Ban bar ta ba. Babu Juma'ar da ina gari ban je na durƙusa a zauren nan an ce mini tana barci ba. Na tura abokan mahaifina, malamai masu furfura, aka ba su fura aka sallame su. Abin da ban yi ba shi ne abin da aka ce in yi, kuma ko yau aka sake shimfiɗa mini shi ba zan yi ba.

Ran nan da azahar ina rumfa ina jayayya da wani a kan murfin tukunya, sai na ga mace ta tsaya a bakin rumfar da goyo, ta rufe rabin fuska da mayafi. Ba akwati, ba ƙunshi, ko kwanon sha babu. Uwarku ce. Matar da ba ta taɓa taka kasuwar Jimeta ba, ta shigo motar haya ita kaɗai daga Yola, ta riƙa tambayar rumfar mai farantin Jafan har aka nuna mata.

Na ce, "Wa ya kawo ki?"

"Ƙafata. Malam, ka rufe rumfar ka kai ni gida, mutane suna kallona."

Na kai ta. Ya Kaltum ta kwance ki daga bayanta, Yagana, ta yi ta juya ki tana cewa an ramar mata da jika. Na ɗauka Modibbo ne ya sauko, ya kau da kai ta fito. Na shirya goro zan je godiya, uwarku ta ce in bari tukuna. Na sake shiri, ta sake cewa in bari. Sai da muka shekara, da ƙaramar salla ta zo na ce ta shirya mu je gaisuwa, sannan ta gaya mini. Ranar da ta fito, ubanta yana zaure. Ta durƙusa ta ce za ta koma ɗakinta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mata ƙofa a buɗe take, amma ta fita ɗaya ce, in ta wuce buzunsa kada ta sake dawowa ta gabansa. Ta ce ta daɗe a durƙushe, sannan ta gyara goyo ta wuce.

Modibbo mutum ne mai cika magana, na faɗa muku tun a kan aurena. Ya cika wannan ma. An haife ku ɗaya bayan ɗaya, kowane suna na aika da goro Makama, ba a taɓa mayarwa ba, ba a kuma taɓa zuwa ba. Kakarku, mahaifiyar Dija, takan saci hanya ta zo Luggere in ta ce za ta asibiti, ta zauna ɗan lokaci ba ta cire mayafi ba. Hamma Sa'idu kuwa, bayan 'yan shekaru, da cin nama a kan faranti ya zama abin yayi a wurin manyan ma'aikata, ya aiko wani ya saya masa guda a shagona, yana tsammani ban san na wane ne ba. Na sayar masa a kan kuɗinsa, ban rage ba ban ƙara ba. Na ji an kafa shi a filin nan dai, da mahaucin haya a tsaye, baƙi suna ci suna yaba wa mai gida.

Da Modibbo ya kwanta ciwon ajali uwarku ta je. Ta zauna a ɗakin mahaifiyarta, aka shiga aka gaya masa. Ya ce ya yafe mata duniya da lahira, Allah ya yi mata albarka da 'ya'yanta, amma maganar da ya yi ta fita. Tana jin tarinsa ta bango, ba ta gan shi ba. A zaman makoki aka shimfiɗa mata tabarma a cikin maƙwabta, ba a cikin 'ya'yan gida ba. Ta dawo ranar sadakar uku, ta ajiye mayafi, ta shiga kicin ta ɗora muku abinci. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa, na tambaye ta abin da ban taɓa tambaya ba, ko ta yi da-na-sanin fitowa.

Ta ce, "Alhaji, da ka yi shiru ran nan da na raina ka, ina jin ku ta taga. Amma kai ka faɗi maganarka ka huce a yini ɗaya. Ni ce nake ta biya."

Ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

To ga lissafin, ku riƙe. Daga farantin nan shagunan bakin kasuwa suka fito, da gidan da kuka girma a ciki, da karatun kowannenku, da kujerar Makka tawa da ta Ya Kaltum da ta uwarku. Sunan ubana ban bari an shafe shi ba, babu kuma wanda ya karɓe mini kaya. Wannan duka riba ce, ni da ku muka ci. Hasarar kuwa ban biya ko kwabo a cikinta ba. Uwarku ta biya ita kaɗai, tun tana yarinya mai goyon fari har ta yi furfura, ta koma ga Allah ba ta sake ganin fuskar ubanta ba.